Yadda ake tantance tsohuwar malafar gashi kafin a saya, da yadda ake raya ta

Malafar da nake nufi ita ce hular Turawa mai faifai a kewaye, wadda ake gani a kan maza a tsofaffin hotunan Amurka da Ingila. Masu ita suna kiran mai taushin fedora, mai naɗaɗɗen baki homburg, mai tauri kamar ƙwarya kuma bowler. Idan ka taɓa riƙe jar dara ka riga ka san irin jikinta. Ba zare ba ne, ba saƙa ba ce. Gashi ne aka yi ta murzawa da ruwan zafi da tururi har ya sarƙe ya zama ƙyalle. Dara da ulun tumaki ake yin ta, malafa ta gari kuwa da gashin zomo, ko na biba, wata dabbar ruwa mai datse rafi da itatuwa a Kanada da Amurka.

Ni a gwanjo na fara, kuma har gobe ba na wuce tulin huluna ban tona ba, ko da yake sai a daɗe ba a dace ba. Yawancin na kirkin daga kasuwannin intanet irin su eBay suke zuwa. Ko ta ina ta zo, aikin ɗaya ne. Sunan da ke jiki shi ne abu na ƙarshe da za ka yarda da shi, domin cikin malafa ne ke faɗin gaskiyarta.

Bari mu daidaita sunaye don kada mu ruɗe. Inda kai ke shiga ƙoƙo ne. Abin da ya kewaye shi faifai. Ƙyallen da aka ɗaura a gindin ƙoƙo ɗamara. Fatar da ke taɓa goshi fatar gumi. Ƙyallen da ya rufe cikin ƙoƙo kuwa shafi, kamar dai yadda teloli ke cewa.

Kayan aiki

Na zuwa kasuwa guda uku ne: tef ɗin tela, ƙaramar tocila ko fitilar waya, da hannu mai tsabta. Kada ka raina na ukun. Wanda ya ci tsire ya ɗauki farar malafa ya bar mata shaida har abada.

Na gida:
- Burushi mai laushi na gashin doki. Idan babu, sabon burushin takalmi da bai taɓa ganin kiwi ba. Ka tanadi biyu, ɗaya na masu haske, ɗaya na masu duhu.
- Butar shayi mai baki, da risho ko gas.
- Babbar leda wadda iska ba ta shiga, da ƙwayoyin kafur.
- Garin sitaci ko hodar jarirai.
- Farar takarda marar rubutu, da farin tsumma na auduga.
- Man fata marar launi. Idan ya gagara, man kaɗe.
- Siririyar allura, zare, da littafin rubutu.

1. Ka fara da auna kanka

Kewaya tef a goshi, yatsa ɗaya sama da gira da kunne. Abin da ya ba ka a santimita shi ne lambarka a ƙidayar yawancin ƙasashen Turai. Amurkawa kuwa da inci suke yi: 56 shi ne 7 a wurinsu, 57 shi ne 7⅛, 58 shi ne 7¼, 59 shi ne 7⅜, 60 shi ne 7½. Ingila tana baya da taki ɗaya, wato 7 ɗinsu shi ne 57. A kan tsofaffin na Italiya da Faransa za ka ga wasu ƙananan lambobi kamar 5 ko 5½, ƙidayarsu ce daban.

Kada ka dogara da lambar da ke manne. Fata tana tsukewa da shekaru, sai ka ga an rubuta 58 amma tef ya ce 57. Auna cikin da kanka, ko ka sa mai sayarwa ya auna ya turo hoto. Kuma ka sani tun yanzu, tsofaffin malafu ƙananan kai sun fi yawa. Daga 59 zuwa sama wuya suke yi, tsada kuma suke yi.

2. Taɓa jikin

Ɗauke ta ta faifai da hannu biyu. Kada ka tsunkule gaban ƙoƙo da yatsu uku kamar yadda ake yi a fim, nan ne take fara yagewa.

Shafa da bayan yatsa. Gashin zomo mai kyau santsi gare shi, ga shi siriri amma a cike yake, ba ya da nauyi. Ka danna gefen ƙoƙo a hankali, ya lotsa, ka tura ta ciki, ya dawo ba tare da ya bar layi ba. Ulu kuwa kauri gare shi da kaushi, yana da ɗan ƙaiƙayi, idan ka lanƙwasa shi sai ka ji kamar kwali. Wannan bambancin ba a koyon sa da karatu. Ka riƙe dara a hannu ɗaya, malafar a ɗayan, sau biyu sau uku hannunka zai haddace. Ta ulu idan ruwa ya taɓa ta tana tsukewa ta karkace, shi ya sa ba na sayenta sai in siffarta ce ta burge ni.

Za ka ga wasu an buga musu 3X, 7X, har abin da ya fi haka. Da farko alama ce ta darajar gashin a cikin kamfani ɗaya. Babu ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, kuma na baya-bayan nan sun yi ta ƙara X kamar ba gobe. Tsohuwar 3X tana iya kunyata sabuwa mai X goma.

3. Haska, ka nemi aikin asu

Kwantar da hasken tocila a jikin malafar ta gefe, kada ka haska ta kai tsaye. Duk inda asu ya yi kiwo zai fito kamar ƙananan ramuka ko hanyar tururuwa. Wuraren da ya fi so su ne ƙarƙashin faifai da bayan ɗamara, inda burushi ba ya kaiwa. Sannan ka ɗaga ta sama ka duba ta ciki ko haske na ratsowa.

Cizo biyu uku marasa zurfi a ƙarƙashin faifai ba komai ba ne, sai ma su taimake ka wajen ciniki. Rami da ya huda gaban ƙoƙo ba shi da magani.

Ka kuma shinshina. Warin tsohuwar akwati yana fita. Warin fumfuna yakan ƙi.

4. Kifa ta, ka zauna da fatar gumi

A nan nake ɓata mafi yawan lokacina, domin fatar nan ita ce katin shaidar malafa, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa.

Fara da tabbatar da cewa fata ce. Na gwanjo da yawa roba ce ko ƙyalle, wannan kuwa kusan ko yaushe alamar ta zamani ce mai araha. Fata ta gaske a tsohuwar malafa takan yi faɗi, kusan inci biyu, ga laushi kamar bayan littafi mai tsada. Shafa ta da babban yatsa. Idan ta bushe tana barbaɗa jan gari, ko ta yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, ta mutu, kuma babu man da zai dawo da ita. Ana iya canza ta, amma da zarar an canza, rabin tarihin malafar ya tafi.

Duba bakin fatar na ƙasa, inda ta haɗu da gashi. A wasu za ka ji wani siririn tsinke mai tauri a cikin wani ƙyalle da aka ɗinka kewaye. Shi ke riƙe siffar bakin, yana kuma tare gumi. A wasu babu tsinken, an ɗinka fatar kai tsaye a jikin gashi da ƙananan ɗinki a jere. Wannan na biyun ya fi daɗi a kai, ana yawan ganin sa a na Turai da marasa nauyi, amma shi ne mai haɗari: idan zaren ya ruɓe, ja ɗaya ya isa ya zazzage layin gaba ɗaya. Ka bi ɗinkin da ido, musamman wajen goshi inda gumi ya fi jiƙawa.

Ta baya, inda bakin fatar biyu suka haɗu, duba ko ɗinki ne ko manne. Akwai kuma ɗan ƙaramin ƙulli na ado a wurin, shi ke nuna maka baya.

Sai rubutun da aka buga da ruwan zinare. Gefe ɗaya sunan kamfani da darajar malafar, ɗaya gefen sau da yawa sunan kantin da ya sayar da ita da garinsa. Wani lokaci har da haruffan sunan mai ita, an huda su da ƙananan ramuka. Ina da wata ruwan toka mai haruffa uku haka, kuma daidai goshin fatar ya yi baƙi ya yi sheƙi, gefen dama na faifan ya ɗan sunkuya inda mai ita ke kamawa in zai gaisa. Sunan kantin nan ka rubuta shi, domin idan ka gano shekarun da kantin ya yi yana aiki, ka sami iyakar shekarun malafar.

5. Leƙa bayan fatar

Wannan sai fatar tana da rai. Kada ka juye ta gaba ɗaya. Sa yatsa ta baya, ɗaga kaɗan, haska. Idan ka ji ƙas ko sau ɗaya, tsaya.

Abin da kake nema ƙananan takardu ne da aka manna a jikin gashi. Akwai ta masana'anta mai lambar itacen da aka gina ƙoƙon a kai, da girma, da launi, wadda kanti ke amfani da ita in zai sake odar irinta. Akwai ta farashi. A na Amurka kuma akwai tambarin ƙungiyar ma'aikata, wanda yake taimakawa ƙwarai:

- Idan an rubuta United Hatters of North America, ƙungiyar ce da aka kafa a 1896 ta kuma narke cikin wata a 1934.
- Idan United Hatters, Cap and Millinery Workers ne, to daga 1934 ne zuwa 1983.
- Takardar farashi mai haruffan OPS ta lokacin yaƙin Koriya ce, sa'ad da gwamnatin Amurka ta ƙayyade farashin kaya daga 1951 zuwa 1953. Da wuya ka sami shaida mai kaifin wannan.

Masana'antu sukan ci gaba da manna tsohuwar takarda har ta ƙare, don haka ka bar ratar 'yan shekaru a lissafinka. Sunan ƙasa ma shaida ne. Wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma ba ta riga 1949 ba, ba ta kuma wuce 1990 ba. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar ba ya riga 1963.

Yanzu ne za ka koma kan suna. Borsalino a garin Alessandria na Italiya aka kafa shi a 1857. John B. Stetson ya fara nasa a Filadelfiya a 1865, kuma masana'antar can ta daina aiki a 1971. Christys na Ingila tun 1773 yake. Knox da Dobbs da Cavanagh na Amurka sun taru ƙarƙashin kamfani ɗaya a 1932. Hückel na garin Nový Jičín a ƙasar Cek shi ne ya koma Tonak bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Tonak ɗin nan ne ke yin jajayen hulunan da ake shigowa da su Nijeriya. Abin lura shi ne yawancin sunayen nan har yau ana buga su a kan sababbin malafu. Stetson ta 1948 da Stetson ta bara suna ne kawai ya haɗa su.

6. Shafi, ɗamara da bakin faifai

Shafi: ja gefensa kaɗan ka ga ko ɗinki ne ke riƙe da shi ko gam. Ɗinki ya fi yawa a tsofaffi. A tsakiyarsa akwai tambarin kamfani. Idan an rufe tambarin da leda mai sheƙi garau, ka karkata zuwa shekarun 1950 da bayansu. Na gabanin haka sukan zo ba rufi, ko da wani rufi mai duhu-duhu kamar takardar da ta sha mai. Rashin shafi ba aibi ba ne, wasu marasa nauyi haka aka yi su, tambarin yana manne a ƙoƙon.

Ɗamara: tsohuwa auduga ce haɗe da siliki na roba, tana da taushi, tana kwanciya lif a jikin ƙoƙo. Ta zamani tana da ƙyalli da tauri. Ɗaga ƙullin ka ga ko an kama shi da zare ko gam aka ɗiga. Idan ka ga siririn igiya ta kewaye gindin ƙoƙo da ɗan maɓalli a bakinta, kada ka yanke. Ta iska ce, ana maƙala maɓallin a kwat don kada guguwa ta tafi da malafar.

Bakin faifai iri huɗu ne. Akwai wanda aka yanke aka bari haka. Akwai wanda aka naɗe aka bi da ɗinki. Akwai wanda aka yi wa baki da ƙyallen ɗamara. Na huɗun shi ne abin nema: bakin ya yi kauri kamar an naɗe, amma ka duba sama da ƙasa babu ɗinki ko ɗaya. Tun gashin yana ɗanye ake naɗe shi a ci gaba da murzawa har naɗin ya haɗe da jiki. John Cavanagh ne ya yi rajistar dabarar a 1913, ana kiran ta da sunansa, wasu kamfanoni kuma suka ba ta nasu sunayen. Masana'antu sun daina yin ta, don haka duk inda ka gan ta, tsohuwa ce ba tantama.

Ka auna faifai da tsayin ƙoƙo. Na shekarun 1940 sukan yi dogon ƙoƙo mai miƙaƙƙen gefe da faifai wajen inci biyu da rabi. Zuwa shekarun 1960 ƙoƙo ya gajarce ya tsuke ta sama, faifai ya koma ƙasa da inci biyu. Amma siffa kaɗai ba hujja ba ce, don an sha datse faifan tsohuwa a bi yayi. Sai shaidu uku sun yi baki ɗaya nake rubuta shekaru.

7. Ciniki

Ƙura, lotsewa da karkacewar faifai duk suna gyaruwa, kada su hana ka saye, kada kuma ka nuna wa mai kaya ka san haka. Ramin asu a fili, matacciyar fata, da gumin da ya ratso har ya ɓata ɗamara ta waje, su ne ke sa in ajiye. A intanet kada ka biya sai ka ga hoton ciki, da na fatar kusa-kusa, da na ƙarƙashin faifai.

8. Killace ta kafin ta shiga cikin sauran

Ƙwan asu ba ya ganuwa. Sa malafar a leda, ɗaure, saka a firiza kwana uku cur. Da ka fito da ita kada ka kwance ledar sai ta huce, don raɓar ta sauka a kan leda. Matsalarmu wuta. Firizar da ke narkewa kullum jiƙa ta kawai za ta yi. Ni wurin masu ƙanƙara nake kaiwa, a cikin kwali don kada a danne ta. Idan hakan bai samu ba, ƙulla kafur a tsumma, jefa cikin ledar ba tare da ya taɓa gashin ba, ɗaure sosai, ka manta da ita wata guda, sannan ka shanya a inuwa. Kada ka gasa ta a rana, fatar ce za ta biya.

9. Tsabtacewa

Kada ka kai wa mai wankin hula. Na taɓa yi. Mutumin gwani ne a kan zanna da damanga, ya kuwa yi mata abin da ya saba: ya jiƙa da omo, ya dirje, ya sa sitaci, ya kafa a itace a rana. Abin da ya dawo mini da shi ko kan yaro ba ya shiga, fatar ta naɗe kamar ganda. Laifina ne, ba nasa ba.

Burushi shi ne wankinta. Riƙe ta ƙoƙo a sama, fara daga gefen hagu ka bi ta baya, kana kewayawa saɓanin tafiyar agogo, domin haka gashin ya kwanta. Ƙarƙashin faifai kuma akasin haka. Ka yi ta yi har ƙura ta daina tashi.

Tabon maiƙo: barbaɗa sitaci ko hoda, danna kaɗan, bari ya kwana, kakkaɓe da burushi. Maimaita sau biyu ko uku. A kan baƙar malafa ka yi haƙuri wajen kakkaɓewa, farin yana daɗewa. Fetur da kananzir kada su kusance ta.

Fata: sa farar takarda tsakaninta da gashi, ɗauki mai kamar ƙwayar dawa a yatsa, shafa a fuskar fatar kawai, bar shi ya kwana, goge. Mai da yawa yana ratsawa ya fito a ɗamara, kuma yana ruɓar da zare.

10. Tururi

A cikin gashin akwai wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya, shi ke ba malafa tsayuwa. Tururi yana sassauta shi, in ya huce ya sake kamawa. Iyakar sirrin ke nan.

Bari buta ta tafasa har tururi ya miƙe. Riƙe wurin da ya lotse kamar tafin hannu ɗaya daga bakin butar, ka ƙirga zuwa goma, janye, gyara da yatsu, riƙe har ya huce. Idan ƙoƙon ya yamutse sosai, tura shi waje gaba ɗaya ya koma kamar ƙwarya, bi shi da tururi kewaye, bar shi ya bushe, sannan ka sake karya shi: kwari ɗaya a tsakiya daga gaba zuwa baya, da lotsawa biyu a gefen gaba. Yawancin tsofaffin nan haka aka sayar da su a buɗe, mai kanti ko mai saye ne ke karyawa da hannu.

Tururi ta waje kawai. Idan ya bugi fatar gumi, nan take za ta ƙanƙance, kuma ba ta dawowa. Faifan da ya yi tudu da kwari, shimfiɗa shi a bakin tebur, rufa ɗanyen tsumma, danna da dutsen guga mai ɗumi, kada ka ja shi. Homburg da bowler kuwa kada ka taɓa naɗin bakinsu, da inji da itace na musamman aka yi shi, hannu ba ya mayar da shi.

Idan ta ɗan matse ka, akwai itacen buɗa malafa mai sukurori a tsakiya. Rabin santimita zuwa ɗaya ne iyakarsa a tsohuwar fata. Idan ta yi yawa, naɗe takarda ka sa a bayan fatar.

11. Ajiya

Kada ka ajiye ta a kan faifanta, zai baje. Kifa ta a kan ƙoƙo in na ɗan lokaci ne. Na dogon lokaci kuwa sai kwali, da zoben kwali a ciki wanda ƙoƙon zai zauna a kai, faifan yana reto. Ƙusa a bango tana fitar mata da ƙaho.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ga bushewar da ke fasa fata, don haka kwali a rufe, a shafa wa fatar mai sau ɗaya a farkon sanyi. Da damina kuwa fumfuna ce: cire duk wata leda, buɗe kwalayen duk sati biyu su sha iska a inuwa, kuma kada kwali ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara.

Kowace ta shigo, buɗe mata shafi a littafi: suna, kanti, awon ciki, tsayin ƙoƙo, faɗin faifai da na ɗamara, irin baki, takardun da ka gani, da shekarun da kake zato tare da dalilinka. Ɗauki hoton takardun bayan fatar tun ranar farko, don kada ka sake ɗaga ta.